Maganar Leɓe

Kwana uku ke nan da aka yi wa mijinta aiki a maƙogwaro, kuma duk kwana ukun nan Mai Alli tana zaune a gefen gado tana kallon bakinsa yana motsi, ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya motsa leɓe, ya nuna ƙasa da yatsa. Ta leƙa ƙarƙashin gadon ta ciro masa takalmansa, ya harare ta. Ta ciro tasar tofi, ya runtse ido. Ta ƙara masa bargo, ya karɓa, amma bai daina nuna ƙasan ba. Da ya gaji sai ya juya fuskarsa wajen ginshiƙin ƙarfen da ke kusa da gadon, ya bar ta riƙe da takalmi.

Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce an cire abin da ke neman kashe shi, amma muryar ta tafi tare da abin, ba kuwa za ta dawo ba. Ya ce nan da kwana goma za a sallame shi. Nas ta kawo takarda da biro ko zai rubuta abin da yake so. Malam ya riƙe biron ya daɗe, sannan ya zana 14 da kyau, ya sa hannu a ƙasa. Iyakar rubutunsa ke nan a duniya, shi ma don rajistar shiga aiki ya koya.

Auta, 'yarsu da ta baro gidanta da 'ya'yanta ta zo taya jinya, ta dubi takardar ta ce a hankali, "Inna, a kira Baba Dogo mana. Shi kaɗai zai gane."

"A kira wa?"

"Baba Dogo."

"Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da mutum, sai yau za a ɗauko mini tafinta daga bakin titi?" Mai Alli ta ajiye takalmin da ƙarfi. "Ki kama bakinki. Ubanki ruwa yake so."

Ba ruwa yake so ba, ita ma ta sani.

Sai an san ginin nan kafin a gane fushin Mai Alli, domin ba don asibiti aka gina shi ba. Masaƙa ce. Injin saƙa ɗari uku ne ke aiki a ƙarƙashin wannan rufin, a jere tsakanin ginshiƙai masu lamba, kuma idan aka tayar da su da safe har cikin haƙoranka kake jin rawar ƙasa. Ko ka sa baki a kunnen mutum ka kwarma ihu ba zai ji ka ba. Shi ya sa 'yan ƙasa, wato masu tsayuwa kan injin, suka ƙirƙiro maganar leɓe: a buɗe baki sosai, a furta magana ba murya, gira da hannu su cika sauran. Malam yana ginshiƙi na sha huɗu, Dogo yana na sha shida, taku goma ne tsakaninsu. Awa takwas kullum suna fuskantar juna.

Ita kuwa a bene take, a ɗakin duba yadi, bayan gilashi mai kauri inda ƙarar ba ta kaiwa sosai. Ana jan bandir a kan tebur mai fitila, ita tana tsaye da alli, duk inda zare ya tsallake ko mai ya ɗiga ta sa alama. A nan ta samo sunanta. Idonta ba ya kuskure, har foman, shugaban ma'aikata, shakkarta yake yi. Matan bene ba su taɓa koyon maganar leɓe ba, ba su da buƙata, har ma raina ta suke yi, suna cewa 'yan ƙasa sai ka ce kifin da aka fitar daga ruwa. Mai Alli ce ta fara faɗin haka, ta kuwa ji daɗin dariyar da aka yi.

To amma gilashin nan yana kallon ginshiƙi na sha huɗu. Takan ɗaga kai daga yadi ta hango mijinta a ƙasa yana dariya har yana dafa ciki, Dogo kuma yana karkata wuya yana ƙara masa. Mutumin da a gida sai ta yi magana goma kafin ya ce "uhm". Ya dawo da auduga a gashi, kunnuwansa na amo, ya ci abinci, ya jingina da bango. Ta ce, "Malam, me ya ba ku dariya haka yau?" Ya yi ɗan murmushi, ragowar na can, ya ce, "Ba komai. Dogo ne kawai."

Shekara ashirin tana jin wannan amsar. Kishi ne, ba shi da wani suna. Da ma mace ce, da ta san ta inda za ta ɓullo, kuma kowa zai ba ta gaskiya. Amma wa za ta kai wa ƙarar wani dogon namiji mai faffaɗan kunnuwa, wanda bai taɓa yi mata komai ba sai gaisuwa har da rusunawa? Abin da ke ci mata rai shi ne mijinta yana da hira, yana da ban dariya, ta gani da idonta, amma a masaƙa yake ƙarar da su ya kawo mata shirun.

Ranar da aka rufe masaƙar, jiniya ta yi kukanta na ƙarshe, manyan maza suna share hawaye da hula. Mai Alli ma ta matso nata don kada a ce, amma can cikin ranta wani sanyi ta ji. Ƙara ta ƙare, to maganar leɓe ma ta ƙare, mijinta zai dawo gida da bakinsa. Haka ta zata.

Ashe ba ta san su ba. Aka kwance injunan aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe, wani ya mai da ginin siton siminti, sai ga Malam da Dogo sun sami aikin ɗinke buhunan da suka fashe, suna zaune nesa da juna da gangan don hirar ta yi daɗi. Siminti ya tashi, aka mai da wurin garejin manyan motocin haya. Ba aikinsu a ciki, amma kullum suna kan benci a bakin ƙofa suna kushe yadda makanikai ke riƙe sifana. Gareji ya tashi, aka jera tebura aka riƙa yi wa ɗalibai jarrabawa. Nan ne suka fi shan dariya, wai mutum ɗari biyar a cikin masaƙa amma ana jin faɗuwar biro. Daga nan wurin ya yi shekaru a kulle, tattabaru suka gaje shi, kafin masu asibiti su zo su shafa farin fenti, su shimfiɗa leda a ƙasa, su jera gadaje. Ginshiƙan dai ba wanda ya iya taɓa su. In ka duba da kyau lambobin suna nan a ƙarƙashin fentin.

Abin bai tsaya a bakin masaƙa ba, har cikin gidanta ya biyo ta. Shekara tara da suka wuce, wata rana da hantsi, ta dawo daga gwajin ido tana gaya wa Malam cewa idon nan da ake taƙama da shi ya fara dushewa, sai da tabarau. Tana cikin magana sai ta ga idonsa ya tsallake kafaɗarta, leɓensa ya motsa, gefen bakinsa ya ɗaga. Ta waiwaya, ga Dogo a bakin ƙofa yana danne dariya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko guntun allin da ta ajiye tun zamanin bene, ta duƙa ta ja layi a bakin ƙofar daga wannan bango zuwa wancan. Ta ce, "Daga nan zuwa ciki, mai magana ya yi da murya." Dogo ya dubi layin, ya dubi abokinsa, ya koma da baya. Ruwan sama ya wanke allin a satin, amma Dogo bai sake tsallake wurin ba.

Safiyar kwana na huɗu ta tarar da Malam yana rawar ɗari a cikin bargo biyu. Nas ta ce sanyi ne ya shige shi, kuma tari yanzu haɗari ne ga ɗinkin. Ya kama hannun matarsa, ya buɗe baki sosai, a hankali, kamar mai koya wa jariri, ya nuna ƙasa. Ta gyara tabarau ta ƙura ido har ya yi mata zafi. Ya sake. Ya sake. Sai ta ga ruwa ya taru a idonsa, na takaici, ya saki hannunta.

Ta miƙe ta fita. Ta san inda za ta sami Dogo, domin tun ranar da aka kwantar da Malam take hango shi a gindin bishiyar da ke tsohuwar ƙofar ma'aikata, daga safe har yamma, ita kuma tana zagayawa ta ɗaya ƙofar. Yana nan kuwa, ya miƙe ƙafafu, hula a gwiwa. Ta tsaya daga nesa ta yi tsaki, ta ce ƙasa-ƙasa, "Ga shi can, turken fitila."

"Turken fitila yana gaishe ki, Mai Alli!" Dogo ya faɗa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Ya mai jiki?"

Ta matso kusa. "Ka ji ni?"

"Ji? Rabona da ji tun Auta na goye. Gani na yi. Ai tun kina bene nake ganinki. 'Allah ya tsinke maka zare', ke ce ko ba ke ba ce?" Ya yi dariya. "Yana kuwa tsinkewa, wallahi."

Kunya ta rufe ta, fushi ya biyo baya. Wato shekara da shekaru shi yana karanta bakinta, ita ko na mijinta ba ta iya ba. "Ka gaya masa?"

"In gaya masa me? Matarsa ce."

"To tashi mu je."

Ya sa hula, amma bai tashi ba. "Ba layin alli a ƙofar?"

"Tashi, Dogo, kada ka sa in fasa."

Da suka shiga bai nufi gadon ba. Ya ɗaga kai yana ƙirga ginshiƙai, ya je ya tsaya a na sha shida, taku goma daga na sha huɗu inda aka kwantar da Malam, kusa da gadon wani mai karaya, sannan ya juyo. Malam ya gan shi. Mai Alli ta ga fuskar mijinta ta buɗe, irin buɗewar da take hangowa ta gilashi, wadda ba a taɓa yi mata ba ko sau ɗaya a kan tabarmar cin abinci. Leɓe ya fara motsi da sauri, hannu na yankan iska, Dogo na gyaɗa kai.

"Ya ce a janye gadon," Dogo ya sanar da ɗakin gaba ɗaya. "A kan bakin ramin iska kuka ɗora shi."

Nas ta ce, "Baba, wane rami kuma? Nan siminti ne da leda."

"'Yata, kafin a haifi babarki muke tsaye a wurin nan. Ja ki gani."

Nas da Auta suka tura gadon. Dogo ya sa ƙafa ya ɗaga gefen ledar, sai ga ragar ƙarfe mai tsatsa, iska mai sanyi da danshi tana busowa ta ciki har tana kaɗa zanen gado. Ya yi musu bayani cewa ta nan ake huro iska mai laima a da, don kada zare ya bushe ya riƙa tsinkewa, kuma ramin yana nan har bayan ginin. Nas ta riƙe baki, ta tafi kiran mai gyara.

Kwana uku Mai Alli ta yi tana miƙa takalmi da tasar tofi. Dogo bai yi minti biyu ba. Kuma ba su tsaya nan ba, suka zarce da hira, Malam yana dariya marar sauti yana dafe bandejin wuyansa har sai da nas ta dawo ta tsawatar. Mai Alli tana zaune a kan kujerarta, kusa da shi fiye da kowa, kuma ita kaɗai ce kamar ba ta wurin. Ta ji daɗi ya daina rawar ɗari, wannan gaskiya ne. Amma ta ji kamar ta ɗauki tasar nan ta jefi Dogo da ita, wannan ma gaskiya ne.

A baranda ta tare shi. Ta tsaya inda zai ga bakinta. "Duk shekarun nan, me kuke faɗi?"

Ya sosa ƙeya. "Tumbin foman. Ƙwallo. Wanda ya yi barci a tsaye har injin ya cinye masa hula. Shirme dai."

"Ni fa?"

Dogo ba ya iya ƙarya, shi ne babban aibinsa. "Ba sosai ba. Wani lokaci yakan ce, 'Tana kallo, gyara tsayuwa.'"

Da ma ya ce gulmarta suke yi, da ya fi mata sauƙi. Ashe ita tana can sama tana ƙonewa, su ko ta kanta ba sa bi.

"Kada ki damu," Dogo ya ce. "In an sallame shi zan riƙa zuwa da safe in wuni. Duk abin da ya faɗa in gaya miki."

Ta hango abin tsaf. Ita da mijinta a tsakar gida, in zai ce gishiri ya yi yawa sai ta bakin Dogo, in zai ce bayansa na ƙaiƙayi sai ta bakin Dogo. In kuma Dogo ya kwanta ciwo ko ya riga su tafiya, shi ke nan ta daina jin mijinta har abada, yana zaune a gabanta.

"A'a," ta ce. "Koya mini."

"Ke? Ke da kika ce mu kifi ne?"

"Shi ma ka gani?"

"Kowa ya gani."

A gindin bishiyar suka riƙa yi, bayan an ba Malam maganin safe. Dogo ya ƙirga taku goma ya tsaya, ya buɗe baki, masu wucewa suna kallon tsofaffi biyu suna wa juna gatsine. Mai Alli ba ɗaliba mai daɗin sha'ani ba ce. Ya ce "ruwa" ta ce "rana". Ya ce "fitila" ta ce zaginta yake yi. Ta ce bakinsa ne a karkace, ya ce shekara hamsin ba wanda ya taɓa kuka da bakinsa.

A rana ta uku ya gaji ya ce, "Kin san matsalarki? Kallon yadi kike yi mini. Kin kafe ido wuri ɗaya kina neman aibi. Ba aibi za ki nema ba. Saki idonki, ki kalli fuskar duka."

Ta yi fushi ta tafi, ta dawo washegari. Ta fara kama ɗaya-ɗaya a bakin Dogo, ruwa, zafi, sannu, amma da ta zauna gefen gadon Malam sai komai ya gudu. Shi ma bai san tana koyo ba, ta hana a gaya masa. Yana ganinta sai ya koma nuni da yatsa kamar yadda ake yi wa baƙo, ya ajiye bakinsa sai Dogo ya zo. Kwanaki suna ta tafiya, Auta har ta fara haɗa kaya.

Ana gobe sallama, da la'asar, Mai Alli tana tsaye can ƙarshen gadon tana ninke bargon da ba a buƙata yanzu. Ta ja da baya don ta kakkaɓe shi. Ba ta ji shigowar Dogo ba, ba ta san ya je ya tsaya a ginshiƙinsa a bayanta ba. Ta dai ɗaga kai haka nan, ba da niyyar komai ba, sai ta ga Malam ya karkata wuya, girarsa ta ɗaga, leɓensa ya motsa a gajarce, kamar mai magana da kansa.

Matsa kaɗan, kin tare mini Dogo.

Bargon ya tsaya a hannunta. Ta gani, duka, daga farko har ƙarshe, ba wanda ya fassara mata. Shekara arba'in da ɗaya tana jiran wannan bakin ya yi mata magana irin ta can, ga abin da ya fara faɗa mata. Ɗaci ya taso mata, murna kuma ta taso ta tsaya kusa da shi, ta rasa wanne za ta fara bi.

Ta ajiye bargon. Ta gyara tsayuwa, ta ƙara tare wurin sosai. Ta buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa, ba murya, a hankali.

Ba zan matsa ba.

Malam ya ƙura mata ido. Bakinsa ya ɗan buɗe. Me kika ce?

Ka gani sarai.

Ya dube ta daga sama har ƙasa kamar yau aka kawo ta. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya kai hannu ya dafe bandejin, fuskar nan ta buɗe, irin buɗewar can, kuma ba bayanta yake kallo ba.

Dogo, wanda ƙeyarta kawai yake gani, ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. Ya kasa haƙuri ya ɗaga murya har mai karaya ya zabura. "Kai, me ta ce? Me ya ba ka dariya haka?"

Mai Alli ta share ido da gefen mayafi. Ta juyo sosai don ya ga bakinta da kyau.

"Ba komai," ta ce. "Mu ne kawai."